Amsa ga ɗan'uwan da sabarsa ta Dell R720 ta ƙi tashi bayan risetin BIOS

Wa'alaikumus salam Malam. Wallahi ina karanta tambayarka gabana na faɗuwa. Ka ce kun danna Default, wato mayar da saiti na asali, a BIOS (saitin da kwamfuta ke tashi da shi kafin Windows) saboda agogon sabar yana ta komawa baya, tun daga nan in an kunna sai No boot device available, har wani na ce maka ku yi fomatin kawai ku sake zuba Windows. Don girman Allah kar ka bari kowa ya taɓa ta, kayanku suna nan. Risetin BIOS ba ya goge diski, shi tsarin RAID, wato yadda aka haɗa diskoki su yi aiki kamar ɗaya, a jikin diskokin yake rubuce da kuma katin PERC mai kula da su.

Ni irin wannan shawarar ce ta ja min baƙin jini a wani wurin aiki da na taɓa yi. Tamu wuta aka ɗauke da asuba, UPS ya mutu, ta tashi tana cewa Foreign configuration found, wato katin RAID yana ganin tsarin da ke kan diskokin kamar baƙo. Na ce wa oga a ba ni lokaci in bi a hankali, ya ce a'a, ya kira wani da ake ce wa injiniya. Mutumin nan ya shiga Ctrl+R, wato allon saitin katin RAID, inda zai danna Import ya karɓo tsarin sai ya danna Clear ya share shi, da ya ga wayam sai ya haɗa sabon RAID 5 ya yi masa Initialize, wanda ke goge abin da ke kai, ina tsaye a bayansa ina cewa Malam dakata, Malam dakata, ya juyo a gaban mutane ya ce tun ina firamare yake wannan aikin. Lissafin albashi, bayanan kwastomomi, takardun shekara da shekaru, duk suka tafi. Ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya. Ni da na daɗe ina roƙon a sayi diskin bakof ana ce min babu kuɗi, ni aka tsayar a taro ana tambaya me nake yi aka yi asara. Daren nan ban runtsa ba, ko abinci na kasa ci, maiɗakina sai haƙuri take ba ni. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa, Allah ya isa kawai.

To kai taka da sauƙi insha Allahu. Danna F2 in tana tashi, System BIOS, Boot Settings, ka duba Boot Mode. Default yana mayar da R720 kan BIOS, in kuwa da UEFI, ɗaya hanyar tashin, aka zuba Windows ɗin ba za ta taɓa ganinsa ba. Mayar da shi UEFI ka ajiye, sai F11 ka ga ko Windows Boot Manager ya fito. In dama a BIOS aka zuba, duba Hard-Disk Drive Sequence ka sa PERC a sama. In kuma ba ku da katin PERC irin H710, S110 kuke amfani da shi, wato RAID na software, shiga SATA Settings ka mayar da Embedded SATA kan RAID, don in ya zauna a AHCI ko dai ta ƙi tashi ko ta watso maka shuɗin allo mai 0x7B.

Kuma in ka ga kalmar Foreign ko a ina ne, Import, Import kawai! Hannunka kar ya je kusa da Clear.

Agogon nan da ya jawo komai batirin madabod ne ya mutu, CR2032 mai 3V, irin na rimot ɗin mota, riset ba ya gyara shi. Kafin ka cire shi ɗauki hoton kowane shafi na BIOS da wayarka don saitin zai iya sake gudu. Jamfar NVRAM_CLR kuwa, 'yar hular nan da ke kan madabod ta share saitin BIOS, ka bar ta inda take, masu cewa ka matsar da ita riset ɗin da ka riga ka yi za su sa ka maimaita.

Af, tunda da janareta muke fama, in ta tashi shiga System Security ka sa AC Power Recovery a On, ta riƙa kunna kanta in wuta ta dawo. In kuma iDRAC ɗinku, wato hanyar sarrafa sabar daga nesa, har yanzu sunan shiga root da kalmar sirri calvin na asali ne ku canza, kowa ya san shi. Turo mana hoton allon Ctrl+R kafin ka danna komai a ciki, ina nan kusa da waya har dare.