Ku Tambaye Mu: Lambar NIN, Layin Waya da Na'urar Zaɓe

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarona zai zauna jarrabawar JAMB, ya tura saƙo har sau huɗu amma lambar rajista ta ƙi zuwa. Kuma sunansa a NIN ya bambanta da na takardun makaranta. Me ya haɗa karatu da katin ɗan ƙasa, kuma ina mafita? — Wani uba daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga duk mai rajista, domin toshe ƙofar masu sojan gona, wato wani ya zauna wa wani jarrabawa. Yanzu JAMB ba ta karɓar suna daga bakin ɗalibi. Daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, take ɗebo suna, ranar haihuwa da jinsi, don haka duk kuskuren da ke can zai biyo yaro har jami'a.

Ga yadda ake tura saƙon. A rubuta NIN, a bar tazara ɗaya, a rubuta lambobin goma sha ɗaya, a aika zuwa 55019 ko 66019. Amsar da za ta dawo lamba ce mai gurbi goma. Idan ba ta zo ba, a fara duba ko akwai katin kira na aƙalla naira 50 a layin, domin data ba ta biyan wannan saƙo. Sai a duba tazarar, a kuma tabbatar babu aya ko wata alama da ta shiga tsakani. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne layin da wani ɗalibi ya taɓa rajista da shi, kamar na yayansa. JAMB tana ɗaure layi ɗaya da mutum ɗaya. Ku sama wa yaron layinsa, kuma ya riƙe shi da kyau, domin zai buƙace shi wajen duba sakamako. Kada a yarda a yi amfani da layin mai shagon intanet, komai kirkinsa.

Maganar suna ita ce ta fi damun mu. A wajenmu yaro ɗaya kan zama Muhammad a takardar haihuwa, Mamman a firamare, Mohammed a WAEC, wani lokaci ma sunan gari ya maye gurbin na uba. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. Ku shimfiɗa takardun a kan tabarma ɗaya, ku karanta harafi bayan harafi, ku lura da wanne ya zo farko tsakanin sunan yanka da na mahaifi. Idan NIN ce ta kauce, a NIMC ake fara gyara, kafin a nemi lambar JAMB. Ana biyan kuɗi, kuma gyaran ranar haihuwa ya fi tsada da ɗaukar lokaci, domin sai an haɗa da shaidar Hukumar Ƙidaya. Ranar haihuwar nan ba abin wasa ba ce. A 2024 gwamnati ta ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, daga baya sabon ministan ilimi ya mayar da shi 16. Duk inda aka tsayar, abin da ke rubuce a NIN za a duba.

Tambaya: An ce haɗa layi da NIN zai kawo ƙarshen garkuwa da mutane. Mun sha layi a rana mun haɗa, amma har gobe 'yan bindiga na kira su nemi kuɗin fansa. Ina amfaninsa? — Wata malamar makaranta daga Gusau

Amsa: Malama, ƙorafinki yana kan hanya. An ba da umarnin a Disamba 2020, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka yi ta ɗage wa'adi, har a Afrilu 2022 aka hana miliyoyin layuka kira. Haɗin yana nuna wanda aka yi rajistar layi da sunansa ne kawai, ba wanda wayar ke hannunsa ba. Ɗan bindiga kuwa sau da yawa da wayar wanda ya sace yake kiran iyalansa. Akwai kuma layukan da wasu dillalai marasa tsoron Allah suka yi wa rajista da NIN ɗin bayin Allah da ba su ji ba su gani ba.

Gano wuri ma yana da iyaka. Kamfanin waya yana sanin ƙarfen sabis ɗin da kira ya bi. A birni ƙarafan suna kusa da juna, ana iya taƙaita bincike zuwa unguwa. A bakin daji ƙarfe ɗaya kan ɗauki kilomita da yawa, kuma ko an gano yankin, sai an sami jami'an da za su shiga kafin a canza sansani. A nan aka fi samun giɓi.

Ke da kike Gusau kin fi mu sanin abin da ya faru a Satumba 2021, da aka katse sabis a Zamfara baki ɗaya, sannan wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Masu POS sun rufe, ɗalibai sai sun yi tafiya kafin su duba shafin makaranta, ƙauye kuma ya rasa hanyar kiran agaji. A garuruwan kan iyaka sabis ɗin Nijar yana shigowa, mai layin can bai rasa komai ba. A ganinmu talaka ya fi ɗan bindiga jin jiki.

Abin da ke hannunki: kada ki yi wa kowa rajistar layi da lambarki. In wayarki ta ɓata, ki sa a rufe layin a ranar. Ki je ofishin kamfanin ki nemi a nuna miki layukan da ke kan NIN ɗinki, a cire wanda ba ki sani ba.

Tambaya: Tunda na'urar BVAS na tantance mai zaɓe, me ya sa ake rigima kan sakamako? — Wani ɗalibi daga Zariya

Amsa: Ɗan'uwa, aiki biyu na'urar take yi. Tana tantance mutum da zanen yatsa ko fuska, sannan tana ɗaukar hoton takardar sakamako ta EC8A a tura IReV, shafin intanet na hukumar zaɓe inda ake duba sakamako. Ba ta ƙirga ƙuri'a, da hannu ake ƙirgawa a rumfa. Tantancewa ba ta buƙatar sabis, turawa ce ke buƙata. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon shugaban ƙasa bai hau a kan lokaci ba, kuma a Oktoban shekarar Kotun Ƙoli ta ce a dokar 2022 IReV ba wurin tattara sakamako ba ne. Takardar da wakilan jam'iyyu suka sa wa hannu ita ce hujja. In ka zama wakili, ka gwada adadin ƙuri'un da adadin da na'urar ta tantance, domin in ƙuri'u suka zarce, doka ta ce a soke sakamakon rumfar. Kada ka bar wurin sai kwafinka yana aljihunka.