Amsar tambayar ƙanenmu kan ƙananan jiragen ƙasa na Faransa

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na saurari saƙon ƙanenmu da ke karatu a birnin Lyon na Faransa, wanda ya ce ya shiga wani shago ya tarar da ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo masu tafiya da lantarki, yana so ya sayi guda ya zo da shi gida, amma ya rasa zaɓi tsakanin TGV, wato jirgin ƙasan Faransa mai tsananin gudu, da tsofaffin jiragen da ya gani a kwalaye. Ƙanena, shawarata ita ce ka fara da tsofaffin, kuma zan gaya maka dalili.

Yawancin abin da ka gani a shagon nan ma'aunin HO ne, wato an rage girman jirgi na gaske sau 87, kuma tazarar ƙarafunan layinsa milimita 16.5 ce, domin an kwaikwayi layin dogo mai faɗin milimita 1435 da Faransa ke amfani da shi, irin wanda aka shimfiɗa tsakanin Abuja da Kaduna. To, TGV na farko tsawonsa mita 200 ne, kan jirgi biyu da tarago takwas, saboda haka ƙaraminsa ya haura mita biyu. Idan ka ɗora shi a kan teburi mai ƙaramar kwana, kansa zai kusa cimma wutsiyarsa, kyansa ya tafi. Ga shi kuma jirgi ne da aka ƙera a haɗe, ba a sauya masa kan jirgi ko a haɗa shi da taragan wani jirgi, alhali daɗin wannan sha'awa yana cikin haɗawa da warwarewa.

Tsofaffin kuwa kowanne da tarihinsa. Kamfanin jiragen ƙasa na gwamnati, SNCF, ya fara aiki a 1938 bayan an haɗe kamfanonin da suka raba ƙasar a tsakaninsu, kuma da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu ya duƙufa wajen jan wayar lantarki a manyan layuka. A watan Maris na 1955, a yankin Landes da ke kudu da Bordeaux, kawunan jirgi biyu, CC 7107 da BB 9004, suka kafa tarihin gudun kilomita 331 a awa. Gwajin ya wahalar da kaya ƙwarai, har layin ya lanƙwashe a bayansu, amma ya nuna wa injiniyoyi cewa dogo zai iya ɗaukar gudun da ya zarce tunanin mutanen lokacin.

Jirgin da na fi so ka nema shi ne Le Mistral, wanda ya fara zirga-zirga a 1950 daga tashar Gare de Lyon a Paris, ya bi ta garin da kake zaune, ya sauka Marseille, daga baya aka tsawaita hanyarsa ta gaɓar teku zuwa Nice. A shekarunsa na farko kan jirgi mai lantarki ne ke jan sa a arewacin hanyar, sai a miƙa shi ga mai tururi inda waya ta ƙare, domin lantarki ya iso Lyon a 1952, bai kai Marseille ba sai 1962, Nice kuma sai 1969. A wannan shekara ta 1969 aka ba shi sababbin taragai na ƙarfe mai ƙyalli wanda ba ya tsatsa, da ɗakin cin abinci, da kanti, har da wurin gyaran gashi a cikin jirgin. Ka ga mutum zai iya kwaikwayon zamani daban-daban da sunan jirgi ɗaya.

Na biyu shi ne Le Capitole, mai zuwa Toulouse, wanda a 1967 ya zama jirgin fasinja na farko a Turai da ke gudun kilomita 200 a awa a aikinsa na kullum, a wani sashe na hanyarsa. An yi wa kan jirgin, samfurin BB 9200, jan fenti tare da taragansa, daga baya a 1970 CC 6500 ya karɓi aikin da wasu taragai masu launin toka. TGV bai zo ba sai Satumba na 1981, da launinsa ruwan lemo, kuma shi ne ya raba Mistral da fasinjojinsa har aka daina shi a 1982.

Abin da nake roƙonka shi ne ka kula da dacewar zamani. Kada ka haɗa jan kan jirgin Capitole da taragan Mistral don kawai ƙugiyarsu ta shiga juna, domin a wurin masu wannan harka tamkar ka ɗora hular sojan yau a kan rigar dogarin Sarki ne. A jikin kwali za ka ga lambar zamani: III na nufin wajen ƙarshen yaƙi zuwa 1970, IV kuma daga nan zuwa wajen 1990.

Game da saye, kamfanin Jouef, wanda aka kafa a 1944 kuma ya daɗe yana ƙera kayansa a Champagnole kafin sunan ya koma hannun Hornby na Ingila a 2004, shi ne ya fi yawa a kasuwar kayan hannu, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Jiragensa suna shan wuta ta ƙarafunan layi biyu, ba kamar na Märklin na Jamus ba, masu ɗaukar wuta daga ƙananan ƙusoshi a tsakiyar layi, saboda haka ba sa aiki tare. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya ɗora kan jirgin a layi ya tafiyar da shi a hankali, gaba da baya. Idan yana tsayawa yana fizga, ka juya shi ka duba tayoyin, sau da yawa za ka ga baƙin datti ya daskare a kansu, wani lokaci kuma haƙorin giyar injin ne ya tsage.

Taransifomarsu za ta yi aiki da wutar gida, sai dai a Najeriya za ka nemi adafta saboda bakin soket. Babban abokin gabarka ƙurar hunturu ce, tunda wuta ta ƙarfen layi take shiga taya, don haka ka tanadi ƙyalle mai laushi na goge layin da mayafin rufe teburin. Idan ka koma shagon, ka ɗauko mana hoton gefen kwalin inda lambobi suke, mu duba tare kafin ka fitar da kuɗinka. Wassalam.