Kujerar da ta ƙi taka ƙasa: gyaran haske da inuwa a hoton cikin ɗaki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin zanen gine-gine ne. Nakan fitar da hoton falo da V-Ray, manhajar da ke mayar da zanen kwamfuta ya zama hoto kamar na gaske, sannan in ɗora kujera a kansa a Photoshop, amma sai kujerar ta fito kamar tana lilo a iska, taga kuma ta yi fari fat. Ina gyaran yake? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, laifin na inuwa ne, domin da ita ido yake gane cewa abu ya zauna a ƙasa. Kafin ka taɓa komai, duba ta inda haske yake shigowa falon, ka kwatanta da gefen kujerar da ya fi haske. Idan tagar tana hagu alhali an ɗauki kujerar da haske daga dama, to ka juya ta ko ka nemi wata, don babu gyaran da zai ɓoye wannan saɓani.

Inuwa biyu kake bukata, kowace a shimfiɗarta, wato layer ɗinta a Photoshop. Ta farko siririya ce mai duhu sosai, daidai inda ƙafar kujera ta taɓa tayil, kuma ita ce masu koyo suka fi mantawa da ita. Ta biyu ita ce doguwar da ke miƙewa nesa da taga, wadda bakinta yake da kaifi kusa da ƙafar, yana dusashewa gwargwadon nisansa. Ka sa su duka a tsarin Multiply, wanda ke duhunta abin da ke ƙarƙashin shimfiɗar ba tare da rufe shi ba, amma kada ka zana su da baƙi ƙirin: ɗebo launin daga wata inuwa da ke cikin hoton, misali ta ƙarƙashin tebur. Idan tayil ɗin mai sheƙi ne, sai ka ƙara ɗan hoton ƙafafun a kife, a dusashe.

Batun taga kuwa tun daga fitar da hoton yake farawa. Tsarin adana hoto na JPEG mai bit 8 (bit ma'aunin yawan bayanin haske ne da hoto ke riƙewa) yana zubar da duk abin da ya wuce fari, saboda haka ka adana aikinka a tsarin OpenEXR mai bit 32, inda za ka iya rage hasken tagar har labule ya dawo. Tun V-Ray 5 na 2020 akwai Light Mix, wanda yake ba ka damar ƙara ko rage kowace fitila bayan an gama fitarwa. A nan ne za ka daidaita launi ma, domin ƙwan fitila mai haske ruwan ɗorawa yana wajen 2700 a ma'aunin launin haske na kelbin, hasken rana kuma yana tsakanin 5500 da 6500, don haka gefen kujerar da ke kallon taga ya kamata ya ɗan fi na ciki sanyin launi, wato ya ɗan karkata zuwa shuɗi.

A ganina, yawancin masu wannan aiki suna cika duhun kusurwoyi har bango ya yi kamar hayaƙi ya taɓa shi. Ka rage ƙarfin shimfiɗar da ke ɗauke da wannan duhu sosai, sannan ka mayar da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci ka duba ko duhun kujerar ya yi daidai da na sauran kayan ɗakin.