Malamin lesin ya ce mu daina yi wa yaro Hausa

Tambaya: Malam, ɗana yana aji huɗu na firamare. Wata takwas ke nan muna biyan malamin lesin na Turanci, amma har yau yaron ba ya iya karanta layi biyu shi kaɗai. Malamin ya ce laifinmu ne, wai mu daina yi masa Hausa a gida. Hankalina ya tashi. Mu ne muka cuce shi?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba ku cuce shi ba. Amma kada ki bi shawarar nan ko ta kwana ɗaya.

Kusan kullum sai na ji wannan magana, kuma wallahi tana ɓata mini rai. Malami ya kasa aikinsa, sai ya ɗora wa Hausa laifi. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka gwada koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma darasi ne guda a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Haɗa baƙi sau ɗaya yaro ke koyonsa, ya ɗauke shi ya tafi da shi kowane harshe. To in kun daina Hausa, da me zai yi hira da kakarsa? Da me zai gaya miki abin da ke damunsa? Na koyar da yaran da aka ci tara, aka yi wa bulala don sun yi Hausa a aji. Abin da suka koya shi ne yin shiru. Haka suka kai ajin ƙarshe na sakandare suna haddar insha'i, alhali jarrabawar WAEC ba insha'i kaɗai take nema ba, har da fahimta da taƙaita rubutu, jami'a kuma ba ta karɓar ƙasa da C6 a Turanci.

Yau da daddare ki ba shi rubutun Hausa mai sauƙi. Idan shi ma ya gagare shi, sautin haruffa ne bai kama ba, can malamin zai koma. Ki kuma zauna a lesin ɗaya ki saurara. In malamin ke ta magana, ko shi ke yi wa yaron aikin gida, ki nemi wani. A duba idonsa da kunnensa a asibiti kuma.