Amsar Gwaggo: Fita da Iyali a Hutun Kwana Huɗu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce akwai hutu daga Juma'a zuwa Litinin, kana so ka fita da matarka wani gari ku huta, amma abokanka na yi maka tsiya wai yawon Turawa ne. Ka kuma tambaya tsakanin Zariya, Abuja da Jos wanne ya fi.

Ka bar su da tsiyarsu. Annabi (SAW) da kansa idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ya tafi da ita. Mu ma nan Kano, tun zamanin Audu Bako da aka gina Tiga da Bagauda, masu hali kan kwashi iyali su je bakin ruwa su sha iska. Abin da al'ada ta ƙi shi ne a wayi gari a ga ƙofarku da kwaɗo, ba wanda ya san inda kuka nufa.

Saboda haka sallama ce gaba da komai. Ka taka ka je wajen mahaifinka, kada ka yi ta waya. Daga nan ka kai yarinyar gidansu ta sallami mahaifiyarta, kai kuma ka durƙusa ka faɗa wa surukinka garin da za ku da ranar dawowa. Ba izini kake nema ba, matarka ce, amma an ba ka ita amana, kuma in suka ji a bakin maƙwabta ba za su ce maka komai ba, sai dai ka ga gaisuwa ta yi sanyi. Maƙwabcinka ma a bar masa sallahun gida. Da a ce hutun Sallah ne da na hana ka kai tsaye, don ba a tsallake gaisuwar Sallah da Hawan Daushe a tafi yawo.

Zariya ka cire ta, ba don ba ta da abin kallo ba. Danginmu ne suka cika Tudun Wada. In kuka sauka a otal ba ku leƙa su ba, kun ja mini magana har shekara ta zagayo. In kuka leƙa, an shigar da ita cikin gida wajen mata, kai an shimfiɗa maka tabarma a zaure, wannan gida tuwo, wancan fura, sai ranar tafiya za ku ga juna. Wannan zumunci ne, yana da ranarsa daban.

Abuja kuwa ta fi kilomita 400, kwana ɗaya zuwa, kwana ɗaya dawowa, ko da kun hau jirgin ƙasa daga Rigasa. Ga tsadar masauki. Sabon aure ba ya son bashi.

Ni Jos zan ce, tunda hutun ya faɗo cikin bazara. Garin na bisa tudu, sama da mita 1,200, lokacin da mu nan muke kwana a tsakar gida muna fifita, su can da daddare sai an ja mayafi. Ta ɗauki rigar sanyi ko da za ta yi maka dariya. Ku je gidan tarihin da aka buɗe a 1952. A kusa da shi an gina kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da jar ƙasa, ka ga Bakano ya yi tafiyar kusan kilomita 300 don ya kalli badala! Da yamma ku sami dutse ku zauna, ku ci masara gasassa in an samu, ba mai kiranka daga shago.

Amma sharaɗi biyu. Ka tambayi wanda ke zaune can yadda gari yake a makon, don Jos takan yi zafi ba na rana ba, ya kuma faɗa maka unguwar da za ku sauka. Sannan ku fita da hantsi, ku wuce dajin Falgore da rana tsaka, dawowa ma haka. Ban yarda da tafiyar dare ba ko da direba ya rantse. Sallah kuwa, tunda ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, ƙasaru za ku yi, ka tuna mata.

Duk wannan ra'ayina ne. Ita ka tambaye ta? Kada ka ce mata "ina kike so", kunya za ta sa ta ce duk inda ka ga dama. Ka ambaci garuruwan ɗaya bayan ɗaya kana kallon fuskarta.

Kuɗin tsaraba ka ware shi tun daga gida kafin otal ya cinye. Dankalin turawa ga surukanka, acca ga mahaifinka saboda sukarinsa, ɗan abin taɓawa ga yaran maƙwabta. Ni ma acca nake so, mudu biyu, wankakkiya, kada a kawo mini mai tsakuwa.