Amsa ga ƙanenmu mai son wasan kwaikwayo, yana tsoron Baba da karatu

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai da safe don in amsa a natse. Ka ce kana shekarar farko a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, abokai suna cewa Allah ya ba ka baiwar ban dariya, kana so ka shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ko ka fara sakin gajerun bidiyo a TikTok. Sai dai kana tsoron karatu ya lalace, kuma Baba ya ce bai sa ka lakwal don ka zama ɗan kama ba. Na yi shekara huɗu a wannan harka ina ɗalibin fannin noma a nan Maraɗi, don haka abin da na gani da idona zan gaya maka.

Ka shiga ƙungiyar, wayar kuma ka ajiye ta tukuna, ko da shekara guda. Waya ba ta gaya maka gaskiya. Ka ɗauka, ka yanke, ka manna sautin dariya, abokai su danna maka alamar so saboda kunyarka. Amma ranar da ka tsaya a dandamalin gidan matasa na Bawa Dan Wardanga, ka jefa maganar da ka yi sati biyu kana ji da ita, wuri ya yi tsit har kana jin kukan jariri a layin baya, a ranar ka fara koyo. Mu a ƙungiyarmu ba ma rubuta magana ɗaya bayan ɗaya. Mukan zauna mu tsara ƙashin labarin: wa ya shigo, me yake nema, me ya tare shi, ina abin zai ƙare. Zancen kuwa kowa daga bakinsa yake fitowa, a maimaita a maimaita har ya zauna. Nan za ka gane cewa rabin aikin sauraro ne. In abokin wasanka ya kauce wa abin da aka shirya, kai za ka kamo shi ka maido shi hanya ba tare da 'yan kallo sun farga ba. Za ka koyi jiran dariya ta sauka kafin ka ci gaba, don in ka yi magana a cikinta ka zubar da maganar. Za ka koyi ɗaga murya daga ciki, saboda wuta tana iya ɗaukewa a tsakiyar wasa, makirfo ya mutu, kuma mutumin da ke zaune can ƙarshe shi ma ya biya kuɗin shiga.

Akwai abu guda da nake so ka ji da kunnen basira, don har yau yana yi mini ciwo. A shekarata ta biyu na kwaikwayi wani dattijo mai gadi da ke da in'ina. Na iya shi ƙwarai, har tafiyarsa. An yi dariya sosai a daren, ni kuma na kwana ina jin kaina. Kwana uku bayan haka na zo wucewa, na gaishe shi, sai ya amsa da kai kawai, bai buɗe baki ba. Aka gaya mini yara sun fara binsa suna yin muryar da na yi. Na je na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma har na bar wurin bai ƙara yin doguwar hira da ni ba. Tun daga nan muka sa wa kanmu doka: halin mutum ake yi wa dariya, kamar rowa, ƙarya, son banza, girman kan ɗan boko da ya koma ƙauye yana yi wa uwarsa Faransanci. Halittar da Allah ya yi wa bawa ba a taɓa ta. Ko wasan taubasai da muka gada, na Fulani da Barebari ko na Gobirawa da Zabarmawa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014, yana da iyaka, kuma gaba da gaba ake yinsa, wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. Wanda ka ɗora a dandamali ba shi da wannan damar. A bidiyo abin ya fi muni, don ba ya gogewa.

Batun Baba, kada ka ɓoye masa. Maraɗi ƙarama ce a wajen labari, kafin ka cire kayan wasa wani ya kai masa a majalisa, kuma jin ta bakin wani ya fi ɓata rai. Tsoronsa ka fahimce shi: a wurinmu ana ganin mai ba da dariya kamar maroƙi, kuma uba ba ya son a raina ɗansa. Amma shi ma ɗan zamanin samariya ne, wato ƙungiyoyin matasa na da, ko ya tashi a ƙarshensa. Tun bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, lokacin Seyni Kunce, jihohi suka riƙa yin gasar wasan kwaikwayo da Hausa da Zabarmanci. Da wuya a ce bai taɓa zama gaban talabijin yana kallon Yazi Dogo ba, fitaccen ɗan wasan kwaikwayon nan wanda malamin makaranta ne tun asali. Ka tuna masa cikin ladabi, ko ka sa kawu ko baffan da yake jin maganarsa ya tuna masa. Ni mahaifina bai sauko ba sai da ya zo ya kalli wani wasa da muka yi kan uban da ya ci kuɗin auren 'yarsa. Bai yaba ba. A hanya dai ya ce mini, "Ka riƙa gamawa kafin sallar isha." Na san izini ke nan.

Karatu kuwa, tsoronka na kan hanya. Lisans, wato digirin farko, shekara uku ce, ni na yi huɗu, kuma laifina ne. An riƙa kiranmu bukukuwa ana ba mu jika biyu, jika uku, na ga kamar na samu sana'a, na yi ta tsallake aikin gwaji na laboratuwar, wanda ba a kwafarsa daga littafin aboki. Bayan na maimaita aji sai muka tsayar da gwajin wasa sau biyu a sati, kuma in jarrabawa ta rage sati uku a rufe komai, ko wane ne ya gayyace mu. Ka sa wannan sharaɗi tun ranar da za ka shiga. Ƙungiyar da ta ƙi yarda da shi ba taka ba ce.

Yanzu aikina da manoma ne, kuma abin da na koya a dandamali kullum yana cikin aljihuna. Na sha yin bayanin buhun nan mai ninki uku na ajiyar wake, yadda in an ɗaure shi tam iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba magani ba, mutane suna gyaɗa kai kawai. Ran nan a wani ƙauye wajen Gidan Runji na kira samari biyu muka yi wasan minti goma: maigida mai buɗe buhu kowace safiya don ya duba ko waken na nan, matarsa tana binsa da muciya. Da kaka ta zagayo na koma, wata tsohuwa ta ja ni har rumbunta ta nuna mini buhunanta a ɗaure, ta ce ita ba ta bari a buɗe ba kamar wancan mutumin naku.

In ka je gwajin farko kada ka nemi babban matsayi. Ka karɓi ɗan aike ko mai ɗaukar tabarma, ka zauna kusa da wanda ya fi kowa daɗewa, ka lura da inda yake yin shiru. In kun sa ranar wasa ka sanar da mu a nan, in sha Allah zan zo.