Amsa ga ƙanwarmu da ta shiga karatun lauya

Ƙanwata, barka da arziki. Kin ce an jibga miki tsofaffin shari'o'in Ingila, kina tambayar me ya haɗa su da Gana, kuma ko hadda za ta fisshe ki.

Mulkin mallaka ne ya haɗa mu. Dokar kafa Kotun Ƙoli ta 1876 ita ta kwaso dokokin da ke aiki a Ingila ranar 24 ga Yuli 1874 ta dasa mana su. Har gobe sashe na 11 na tsarin mulkin 1992 yana lissafa wannan gadon cikin dokokin ƙasa, tare da na gargajiya. A tsarin, alƙali kan bi sawun abin da kotun da ke samansa ta yanke a magana mai kama da wadda ke gabansa.

Batun hadda kuwa, ni ganau ne. A makarantar allo na tashi a Aboabo, don haka na shiga aji ina taƙama da kaina. Na sayi taƙaitattun bayanan wani da ya riga mu, na shanye su tas. Ranar jarrabawa aka kawo labarin matar da ta sha zoɓon kwalba ta kwanta ciwo. Nan take na zazzage shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932: dodon koɗi a kwalbar lemon citta, garin Paisley, har da sunan alƙali Atkin. Takarda ta dawo da jan biro a gefe: "To, sai me?" Malamin ba ruwansa da dodon koɗi. Dalilin hukuncin yake nema, wato wajibi ne mai sarrafa kaya ya kiyaye lafiyar wanda zai yi amfani da su, ko da ba ciniki tsakaninsu. Wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san abin: illar hukunci ce, wato dalilinsa, da ita ake ƙiyasi.

Daga nan na koma karanta hukunci da kaina, komai tsawonsa. Kowace shari'a shafi ɗaya nake ba ta: me ya faru, a kan me ake jayayya, me aka yanke, saboda me. Abin da alƙali ya faɗa a gefen zance in ware shi daban, don ba ya ɗaure kowa. Mu uku mukan haɗu bayan isha'i, ɗaya ya sauya wani abu a labarin, sauran su faɗi ko hukuncin zai tsaya. Ki kuma riƙa leƙa kotu, zama kyauta ne.

Kada na Ingila su ɗauke miki hankali daga namu. Ki karanta shari'ar Akoto ta 1961 kan tsare mutane ba tare da gurfanarwa ba. Dokar gado ta 1985, mai lamba 111, ita kam ki fara duba ta tun yanzu, domin kafin ki gama zangon farko 'yan uwa a Zango za su fara sallama da rigimar gida.